Kwana Biyu a Hanyar Tiga, Lokacin da Kaka Ke Bankwana

Akwai wasu 'yan makonni a shekara, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, da ƙasar Kano kan yi wa matafiyi shimfiɗar fuska. Ruwa ya ɗauke tun cikin Oktoba, taɓo ya bushe a hanyoyin karkara, shamuwa ta kwashe 'ya'yanta ta yi kudu, gawo kuwa, da ya zauna ba ganye duk tsawon damina, ya fara tofo. Da rana akwai ɗumi, amma bai yi kusa da zafin Afrilu mai kaiwa digiri 40 ba. Da dare akwai sanyi, amma bai kai jaurar Janairu da ke fasa leɓe da dunduniya ba. Hazo ya soma leƙowa, sai dai bai rufe sama ba tukuna. Abinci kuma ya wadata, domin gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta bushe, ana kan yankan dawa da roron wake. Abin da nake so in tabbatar shi ne, abokai huɗu ko biyar da za su ware Asabar da Lahadi guda a wannan tsakanin, su fita bayan gari tafiyar da ba ta kai ta sa'a biyu ba, su ci abin da ƙasa ta bayar, su raba dare suna hira, sun sami hutu mafi araha kuma mafi amfani da mazaunin birni zai iya samu. Hanyar Kano zuwa Tiga, mai nisan kilomita 70 ko kusa da haka, ta isa misali.

A fita bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika titin Zariya. Da an wuce Na'ibawa gidaje kan fara raguwa, a Tamburawa kuma a haye gada kusa da ɗaya daga cikin manyan matatun da ke shayar da birnin Kano. Kafin ƙosan da aka saya a bakin hanya ya huce an iso Kura. A yau in an ce Kura, shinkafa ce ke zuwa zuciya: injinan casa suna ruri, mata na turara ta a manyan tukwane, ga shanya a kan tamfol duk inda aka sami fili. Amma sunan garin ya riga shinkafarsa zuwa nesa. Marinan Kura ne suka yi suna da rawani ɗan Kura, wanda ake rinawa da baba a kuma buge shi har ya riƙa sheƙi, Buzaye suna sayensa su kai shi Agadas da gaba da nan. Tun a nan amfanin abokan tafiya ke bayyana. Cikin mutum biyar da wuya a rasa ɗan kasuwar da ya san kuɗin buhu bara da bana, da malamin makarantar da ya karanta tarihin fatauci, da wanda ya tashi a ƙauye ya san shinkafar tudu ya san ta fadama. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ilmin kuwa ya fi saurin shiga idan akwai wanda za a juya a tambaya.

Daga Kura zuwa Kadawa da Kwanar Gafan, ido kan ga abin da ba kowane yanki na ƙasar Hausa ke da shi ba: girbi da shuka a rana ɗaya. A inda magudanan ruwan Tiga suka ratsa ana dashen tumatir da albasa, ana kuma shuka alkama, wadda ba ta yi sai da sanyin hunturu, shi ya sa manomanta ke gaggawar ta shiga ƙasa kafin tsakiyar Disamba. A kan tudu kuwa dawa ce ke kwance. Ya kamata a tsayar da mota a sauka a dubi wannan aiki da kyau. An sassare kara an jera shi sankace-sankace, matasa na bi suna yanke zangarniya da ƙaramar wuƙa, kaura ja-ja a gefe guda, farafara a gefe guda, dattijo na zaune yana ɗaure dami, ƙura da ƙaiƙayi sun yi masa fari a gemu. An ɗora harawa a rassan bishiya inda awaki ba za su kai ba. Baƙo ya ce, "Sannunku da aiki, Baba. Yaya kaka?" Dattijo ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, kaka ta yi kyau. Sannunku da zuwa." Gaisuwar ba ta wuce minti ɗaya ba, amma ta mayar da mai wucewa baƙo. Daga nan sai wajen mai rake, ya fere sanda biyu, ya yayyanka gaɓa-gaɓa, a tsaya a inuwa ana sha, ruwansa na gangarowa har gwiwar hannu.

Daga babban titi a ratse a bi ta Bagauda, wurin da ke ɗauke da sunan sarkin Kano na farko, wanda masana tarihi ke lissafa hawansa daga shekarar 999. Tsohon otal ɗin da ke bakin tafkin nan shi ne yanzu reshen makarantar horon lauyoyi ta Nijeriya. Gaba kaɗan duwatsu su fara tasowa, sai ga Tiga. An gina wannan madatsa tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya addabi yankin Sahel. An tare Kogin Kano da bango mai tsawon kusan kilomita 6, ruwa ya kwanta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, idan ta cika tana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Daga cikinta ake shayar da dubban kadada na noman rani a Kura, Garun Malam da Bunkure. A ƙarshen kaka ba ta jima da karɓar ruwan damina ba, don haka a lokacin ne ta fi kwarjini. Mutumin da ya saba da lungu da katanga, idonsa bai taɓa wuce ƙarshen layinsu ba, zai tsaya ya ga ruwa har iyakar ganinsa, kwale-kwalen masunta sun zama ɗigo-ɗigo, zalɓe na tsaye a gaɓa kamar an dasa shi, balbela na bin garken shanun da suka gangaro shan ruwa. Gani ya kori ji.

Abubuwan da ke sa daɗi a nan duk ƙanana ne, kuma ƙanƙantarsu ce hujjata. Karfasa ce da aka ciro daga koma ɗazun nan, mai suya ta kankare ta, ta tsaga mata gefe, ta jefa a mai, ta kwaso ta barbaɗa yaji. A shimfiɗa tabarma, a zuba a faranti ɗaya, hannu biyar su haɗu a kai. Idan rana ta yi ja, iska ta fara kaɗowa daga ruwa, a koma masauki a hura gawayi a ƙofar zaure. A binne dankali a toka, a ɗora butar shayi da citta da kanumfari, wani na fifita wuta, wani na ɗauraye kofuna. Bayan isha, da yake babu fitilun birni da za su dushe sama, Kaza da 'Ya'yanta kan fito sarai daga gabas, domin Nuwamba ne watan da take kwana a sama. A tono dankalin, a ɓare shi yana tururi, ana juya shi daga hannu zuwa hannu saboda zafi. Babu wanda zai ce wannan abinci ya fi na babban otal tsada ko ado, amma ya haɗa abu uku da kuɗi ba sa haɗawa: sabo ne daga ƙasa da ruwa, an ci shi da yunwar wanda ya yini yana tafiya, an kuma ci shi da mutanen da ake so. Da abokin daka akan sha gari.

Sai dai ribar tafiyar ta gaskiya hira ce. Wani zai ce ai abokai na haɗuwa kullum a majalisa, me ya kai su Tiga? Majalisar birni tana da daɗinta, amma hirarta guntu-guntu ce. Wannan wayarsa ta yi ƙara, wancan an aiko kiransa daga gida, wani ya leƙo ya yi minti goma ya wuce, zance kuma bai cika wuce siyasa da ƙwallo da tsadar kaya ba. Maganar da ke cin mutum a rai, ta bashin da ya hana shi barci, ko rashin lafiyar mahaifiya, ko ɗan da ya ƙi karatu, ko zaman gidan da ya fara tsami, ba ta fita cikin rabin sa'a. Sai an ƙarar da zancen sama-sama, an yi dariya an gaji, an yi shiru na ɗan lokaci ana kallon garwashi, sannan wani zai gyara murya ya ce, "Wallahi akwai abin da ke damuna." Wannan shirun da ke gabatar magana birni ba ya bayar da shi, kwana biyu a waje ɗaya kuwa suna bayarwa. Tafiya kuma tana fito da hali. A nan ake sanin wanda ke ɗaukar kaya ba a roƙe shi ba, da wanda ke tashin mutane salla, da wanda ke miƙa wa ɗan'uwansa tsokar da ta fi kyau. Ba banza ba dattawa ke cewa ba ka san mutum ba sai tafiya ko ciniki sun haɗa ku.

Kada a ɗauka wannan baƙuwar al'ada ce da aka aro. Rayuwar Bahaushe ta dā tana da lokacin wahala da lokacin sararawa, kuma kaka ce iyakarsu. Da an kai amfani gida ake bikin kalankuwa a ƙauyukan Kano, samari da 'yan mata su yi ado a yi kiɗa. A lokacin ne 'yan dambe, waɗanda asalinsu mahauta ne, ke bin gari-gari, 'yan kokawa su ma su fito fage. A lokacin ake ɗaura aure, domin rumbu ya cika, ana kai ziyara ga dangi na nesa, fatake su ɗaure kaya, masu cin rani su kama hanya. Manomi ya san jiki da zuciya suna da hakki bayan wata biyar na sunkuyo. Ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari sun fita daga wannan tsari, shekararsu ta zama miƙaƙƙiya, Janairu da Agusta duk ɗaya, ba sa sanin kaka ta yi sai sun ga sabon gero a kwano. Abin da ya rage musu shi ne ƙarshen mako. Wanda ya ɗauki guda ɗaya daga cikin 52 ya daidaita shi da ƙarshen girbi, ya koma ne kan kalandar kakanninsa.

Mai ƙorafi na farko zai ce wannan zancen masu hali ne, kuma yana da hujja. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da dama. To, a yi lissafi. Zuwa da dawowa kilomita 150 ne ko ƙasa da haka, ƙaramar mota mai lafiya ba ta cika shan fiye da lita 15 a irin wannan nisa ba. A raba wa mutum biyar, kowa lita 3 ta hau kansa. Abinci a bakin gona lokacin kaka ya fi na birni sauƙi, masauki kuwa gidan aboki ne ko na dangin ɗaya daga cikin ayarin. Duk kuɗin bai kai na ankon biki ɗaya ba. Na yarda cewa magidancin da bai san inda cefanen gobe zai fito ba, ba shi ake wa wannan magana ba, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ko shi ba a rufe masa ƙofa ba. Hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse da sanyin safiya tare da abokai, ko takawa zuwa ƙauyen da ke bayan unguwa a sha fura a inuwar kuka, ba sa cin lita ko ɗaya, kuma asalin abin yana nan: lokaci, da fili, da mutanen kirki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. Akwai hanyoyi a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja da mai hankali ba zai bi don shaƙatawa ba, ko dajin Falgore da ke kudu da Tiga ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu a shekarun baya. Ba a wasa da wannan. Maganinsa shi ne abin da matafiyan dā suka sani: a tambayi 'yan gari halin da ake ciki kafin a tashi, a yi tafiya da rana, kada a kwana a daji, a sauka hannun mai masaukin da aka sani, shi kuma ya kai baƙinsa su gaida mai unguwa ko dagaci. Baƙon da gari ya san da zuwansa yana da idanu da yawa masu duba masa. Idan 'yan gari suka ce kada a zo, a fasa. Amma idan muka ƙaurace wa hanyoyin da ke lafiya saboda tsoron waɗanda ba su da lafiya, mun ƙara wa ɓarayi abin da ba su ƙwata ba. Haɗarin da aka fi mantawa ma shi ne na ruwan kansa. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwan da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gaɓa, kada a shiga kwale-kwalen da ya cika, kada a shiga ba rigar kariya. A tafi da gidan sauro kuma, domin kusa da ruwa sauro ba ya hutun kaka.

Ƙorafi na uku daga masu tausayi yake fitowa. Suna cewa manomi na fama da ƙaiƙayi da bashin taki, masunci na kwana a kan ruwa cikin sanyi, bai dace ɗan birni ya mayar da wahalarsu abin kallo ba. Wannan gaskiya ne idan baƙon ya zo da girman kai, ya taka shuka, ya ɗauki hoton mutane ba izini, ya matse mai kifi a ciniki, ya tafi ya bar leda da robobi a gaɓa. Wanda ya yi sallama, ya saya da daraja, ya tambaya don ya sani, ya kwashe shararsa, ya kai wa ƙauye ciniki da mutunci, ya kuma dawo da ilmin da zai sa ya daina zubar da tuwo. Tafiyar ma tana koya masa cewa ni'imar da yake kallo akwai waɗanda suka biya kuɗinta. An tashi garuruwa da gonaki kafin ruwan Tiga ya kwanta. Kogin Kano kuma yana haɗuwa da Challawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ke raya dausayin Haɗeja da Nguru kafin ya wuce ta Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. Bayan Tiga da madatsar Challawa ta 1992, ambaliyar nan ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, masunta da makiyaya da manoman can suka ji a jikinsu. Mutumin da ya tsaya a kan bangon Tiga ya san wannan, ya fi wanda bai taɓa zuwa ba fahimtar yadda tumatirin miyarsa ya haɗa shi da mutanen da bai taɓa gani ba.

Safiyar Lahadi tana zuwa da ruwan alwala mai tsinka yatsu, da ɗumamen tuwo ko koko da ƙosai, da farin tururi kwance a kan tafki har rana ta ɗaga. Ya fi kyau a sake hanya a komo ta Rano da Bunkure. Rano na cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa laƙabi da Autan Bawo, kuma a labarin Bayajidda ita da Kano aka ba sarautar baba, wato rini, sai ga zancen marinan Kura na jiya ya sami tushe. Duwatsun da suka kewaye garin sun isa a hau ɗaya a hango gonaki, kara a tsaye, shanun Fulani sun fara shiga inda aka gama girbi suna cin karmami suna bar wa mai gona taki. Sannan a cika bayan mota da tsaraba: rake, dankali, bandar kifi, sabuwar shinkafa, zoɓo, da magarya domin yara. A ƙofar gida akwai tambayar da ke jira, ta uwargida, cewa ku kun fita kun sha iska, mu fa? Tambaya ce mai hakki, tsaraba kaɗai ba ta amsa ta. Amsarta ita ce hanyar da abokai suka gwada suka ga lafiyarta ta zama hanyar iyali a mako na gaba, yaran da suka ɗauka shinkafa a buhu take tsirowa su je su gan ta a gona.

Kaka ba ta jiran kowa. Kafin Disamba ta ƙare dami ya shiga rumbu, shanu sun share gonaki, hazo ya rufe duwatsun Rano, sanyi ya kori hira daga ƙofar gida zuwa cikin ɗaki. Abota ma haka take, tana da lokacin da in an bari ya wuce sai a wayi gari ba a haɗuwa sai a ɗaurin aure ko zaman makoki, a gaisa a tsaye, a ce sai mun yi waya. Hausawa sun gama magana da suka ce zumunci a ƙafa yake. Abin da tafiyar nan ke bukata bai wuce mutum ɗaya daga cikin majalisa ya daina cewa wata rana ba, ya ambaci Asabar, ya faɗi wanda zai kawo tabarma, da wanda zai kawo buta da gawayi, da wanda zai kira ɗan'uwansa na Bebeji ko Rano ya ce masa a share zaure, baƙi biyar na nan tafe.